Cibiyar Takwarata a Gonar Mutanen Holan

Yanzu idan aka bi da ni ta wannan titin na bayan garin Beltsville, nan Amurka, kawar da kai nake yi. Ɗana yana zaton gyangyaɗi nake, matarsa tana zaton ciwon wuya ne ya tashi, ni kuwa na bar su da zatonsu. Shaguna ne a jere a wurin, ga filin ajiye motoci shimfiɗe da kwalta an ja masa fararen layuka. Wanda ya zo garin nan bara zai rantse haka Allah ya halicci wurin. Ni na san shi yana gona, da tsohon gida a tsakiyarta, kuma akwai abin da na ba ƙasar wurin ajiya wanda ba nawa ba ne, na jikata ne. Shi ne ya hana ni sukuni, shi ya sa nake son in faɗi yadda aka yi tun bakina yana motsi.

A gidan gona aka haife ni, can ƙasarmu, a wata 'yar unguwa wadda ko kasuwa ba ta da ita. A can, kafin ido ya ga wayewar gari kunne ya riga ya ji. Tarin kakana ne farko a hanyar masallaci, sai guga tana dukan bakin rijiya, sai tantabaru, sannan taɓarya ta faɗa turmi a gida ɗaya, na kusa ya amsa, har unguwar duka ta ɗauka. Muna iya gane dakan kowace mace daga nesa, mun san wadda ta tashi da fushi. Aikinmu ba ya ƙarewa: sussuka, surfe, bakace, kai wa maza fura gona, korar tsuntsaye idan gero ya fara nuna. Da yake ni ce siririya, ni ake ɗagawa a zura cikin rumbu in miƙo zangarniya, ina atishawa ana yi mini dariya daga waje. Har yau in na rufe ido ina jin ƙanshin cikin rumbun nan. A nan kuwa na'ura ke wanki, na'ura ke niƙa, abinci a leda yake zuwa, kuma sautin da nake tashi da shi kullum shi ne gurnanin firiji. A wancan zamanin idan muka ce gida, ba ɗakuna muke nufi ba. Ɗaki laka ne, damina ta cinye shi, rani ya yi a ɗora wani. Gida shi ne ƙasar da ɗakunan ke kai, da rijiyar, da rumbunan, da bishiyar kanya ta bayan danga, da waɗanda suka riga mu, da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini haka, da shi na tashi.

Kakata ce ungozomar unguwarmu, mace mai baki, ba ta raga wa kowa. Da aka haifi ƙanena, bayan kwanaki cibiyarsa ta bushe ta faɗi, sai ta naɗe ta a ƙyalle, ta ce in ɗauko 'yar fartanya in biyo ta. Muka je gindin kanya, ta haƙa, ta yi bisimilla ta saka, ta mayar da ƙasa ta daddaɓe da tafin hannu. Ni da rawar kai na ce, tawa fa? Ta harare ni, ta zaga bayan bishiyar, ta tsaya, ta miƙa ƙafa ta dangwala babban yatsanta a ƙasa.

"Ga taki nan," ta ce. "Ki duba da kyau, ke sarauniyar mantuwa. Aure zai ɗauke ki, ban san inda zai sauke ki ba. Amma duk wanda ya tambaye ki ke 'yar ina ce, nan za ki ce masa."

Na duba da kyau. Wata saiwa ce ta fito waje ta lanƙwashe, a cikin lanƙwasar ta nuna. Tun daga ranar, in an yi mini duka can nake zuwa in yi kukana, kuma ranar da za a kai ni ɗakin miji sai da na saci jiki na je na tsaya a wurin. Aure ya kai ni birni, na yi shekaruna, na haihu, na aurar, maigida ya rasu. Da aka ce zan taho Amurka, na ce a kai ni in ga gidanmu tukuna. Gari ya riga ya cinye unguwar. Ba kanya, ba rijiya, gidan mai ne a wurin, an malale ko'ina da siminti. Ina tsaye ina juye-juye, mai ba da man ya tambaye ni ko mota nake jira. Na ce masa eh, don ban ga ta inda zan fara yi masa bayani ba.

Ɗana na fari ne ya kawo ni, wanda bakina ba ya kama sunansa. Injiniya ne, matarsa kuma nas ce a wani asibiti, ga ta da tsohon ciki ba kowa nata a kusa. Na zo in kula da ita in koma, ga ni har yau. A bene suke, gidan haya, sama mutane ƙasa mutane. Aka samu mace, aka sa mata sunana, na samu takwara. A asibiti na tambayi mabiyiya, ɗana ya ce, "Hajiya, nan ba a haka, su suke sanin yadda za su yi da ita." Na haɗiye. Amma ranar da cibiyar ta faɗi, na ga surukata ta haɗa ta da auduga ta nufi kwandon shara, ban san lokacin da na riƙe mata hannu ba. Yarinya ce mai kunya, ta sakar mini. Na naɗe ta a ƙyalle na ƙulle a bakin zanena, sannan na ga ashe matsalar yanzu ta fara. Ina zan binne ta? 'Yar ciyawar da ke ƙasan benen ta mai gida ce, kullum ana bin ta da injin aski, ɗana kuma yana cewa da sun samu hali za su tashi. Na je har Landover inda muke sayen kuka da daddawa, na tambayi matan da ke wurin. Wata ta ce ta aika da ta ɗanta gida a cikin akwatin wani, wata ta yi dariya ta ce, "Hajiya, wa ke ta wannan yanzu?" Ni ba ni da gidan da zan aika. Na yi watanni da ƙullin nan a jikina.

Da sanyi ya wuce na fara tura takwarata a kekenta muna zaga unguwa, don zaman bene ya kusa haukata ni. Wata rana na zarce inda na saba juyawa, sai na ji carar zakara. Tun da na sauka a ƙasar nan ban ji ta ba. Na tsaya a bakin titi hawaye na zuba, tsofai-tsofai da ni. Na bi sautin, na tarar da gona a bayan wasu bishiyoyi. Gidan na katako ne a kan tushen dutse, rufinsa ya karye sau biyu ta kowane gefe kamar ƙafar raƙumin da ya durƙusa. Ga wani ƙaton rumbu na katako ya yi baƙi don tsufa, ga ɗan ɗakin dutse an gina shi a kan idon ruwa, sanyi na fitowa daga cikinsa, ga tsohuwar bishiyar tuffa ta karkace. Abin da ya fi ba ni mamaki ƙofar gidan, an raba ta biyu a tsakiya, rabin sama a buɗe, na ƙasa a rufe. Wata tsohuwar Baturiya ta jingina gwiwar hannu a kan rabin ƙasan tana kallona. Na yi mata sallama da Hausa, ta amsa da yarenta, ta leƙo ta ga jaririya, shi ke nan muka ƙulla.

Ba ta jin nawa, ba na jin nata, amma mun yi hira ta shekaru. Ita a cikin ƙofa, ni a waje a kan benci, tana surutunta ina nawa. Ta nuna mini da hannu amfanin ƙofar: iska ta shiga, kaji kada su shiga, yaro kada ya fita. Na ce lallai waɗanda suka yi wannan sun san zaman ƙauye. Wata Lahadi na ja ɗana ya zo ya yi mana tafinta. Ya ce kakannin kakanninta ne suka gina gidan, mutanen ƙasar Holan ne da suka haye teku suka sare daji suka zauna, tun ƙasar nan ba ta zama ƙasar kanta ba. A ɗakin dutsen nan suke sanyaya madara. Tuffar kakanta ne ya dasa. Ita kaɗai ta rage a wurin, sauran dangi sun watse. Da za mu tafi ya nuna mini wani allon ƙarfe a bakin titi.

"Kin ga wannan, Hajiya? Alamar wurin tarihi ce. Hukuma ta san da shi. Irin wannan ba a taɓa shi."

"Ko bayan ranta?"

"Ko bayan ran jikokinta."

Bai san abin da ya faɗa mini ba. Washegari na koma da takwarata. Na kwance ƙullin na nuna wa Baturiyar, na taɓa cibin yarinyar, na nuna ƙasa. Ta daɗe tana kallon abin da ke tafin hannuna, har na fara jin kunya, na ce yanzu za ta ɗauke ni mayya. Sai ta buɗe rabin ƙofar na ƙasa, ta fito da ɗan shebur na shuka fure, ta wuce gaba zuwa gindin tuffa. Mu biyu muka durƙusa, gwiwoyinmu na ƙara. Na yi bisimilla na saka, na mayar da ƙasa. Ita kuma ta sa tafin hannu ta daddaɓe wurin, daidai yadda kakata ta yi. Ranar na yi barcin da ban yi ba tun zuwana.

Ban gaya wa kowa ba. Jira nake takwarata ta yi hankali in kai ta in dangwala mata yatsa. Ta tashi a gonar nan, tana lilo a jikin rabin ƙofa, tana bin kaji, tana cika siket da tuffa in kaka ta yi. Hausa tana jin ta tas, amma da Turanci take amsawa, in na tsokane ta na ce Baturiyar Kano sai ta murguɗa baki. Ni kuma na ƙudura ba zan nuna mata ba sai ranar da za ta tambaye ni da Hausa in amsa mata da Hausa. Ina ganin ai ba gaggawa, wurin ba inda za shi.

Tana makarantar gaba da firamare na je wata rana na tarar da ƙofar a rufe sama da ƙasa. Ba kaji. Na koma washegari, haka. Ɗana ya bincika ya ce tsohuwar ta faɗi ta karye, an kai ta gidan tsofaffi, 'ya'yan ɗan'uwanta kuma sun sayar wa wani kamfani gonar. Na ce allon fa? Ya sosa kai ya ce ashe allon girmamawa ce kawai, ba ya hana mai abu sayar da abinsa. Abinci ya daina shiga, carbi ya daina tsayawa a hannuna. Abin da aka yi wa cibiyata za a yi wa ta takwarata, kuma ni na kai ta da hannuna. Da na ji cewa masu son kayan tarihi sun tayar da magana, za a yi taro a zauren hukumar yanki kowa ya faɗi ra'ayinsa, na ce ko a kan gadon asibiti nake sai an kai ni.

Muka je da yamma, ni da shi da takwarata. Turawa suka yi ta tashi suna magana, ɗana yana raɗa mini: wannan yana yabon rufin, wancan yana cewa ƙofa irin wannan ta yi ƙaranci a yankin, wata ta kawo hotunan ginshiƙan da aka sassaƙa da gatari. Ba wanda ya ambaci ƙasa. Na ɗaga hannu, ɗana yana jan mayafina, na fizge. Na tsaya na ce ni baƙuwa ce, amma na san abin da ake kira gida, don na rasa nawa. Na ce gidan nan ya riƙe mutane tun kafin a haifi kakannin duk wanda ke zauren. Na ce cibiyar yarinyar nan da ke zaune tana gindin tuffar can, ni da mai gidan muka binne ta, kuma ba ta da wani wuri a duniya da za ta nuna ta ce nan ne nata. Na ce don girman Allah ku bar gidan nan inda yake. Na daɗe ina magana. Ɗana ya tashi ya faɗi nasa a taƙaice, kafin in gyara tsayuwa ya gama. Aka yi tafi sosai, wata mata har da share hawaye.

Muka shiga mota muka hau babban titi. Takwarata ta faɗa wa ubanta wata magana da Turanci, da zafi. Na ce me ta ce? Ya ci gaba da tuƙinsa. Ita ta juyo, tana haɗa Hausa da Turanci da hannu, har na gane: bai faɗi abin da na faɗa ba. Cewa ya yi mahaifiyarsa tana ƙaunar tsohon ginin, yana tuna mata da ƙauyensu, tana roƙon kada a rushe shi.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ya ce. "In na ce kin binne wani abu na jikin mutum a gonar mutane, police za su iya shigowa maganar. Ko kuma su yi mana dariya. Da mutanen nan nake aiki."

"To gida fa? Na ce su bar gida."

"Na faɗa. Na ce house. Ai shi ne gida."

Ban iya Turanci ba, amma jikina ya ba ni ba shi ba ne. Takwarata kuwa ta kama hannuna a bayan mota, ta ɗora a cikinta, tana tambaya da ido ko gaskiya ne. Na ce gobe zan kai ki. Da muka je an riga an zagaye gonar da shingen waya, an sa kwaɗo. Muna hango tuffar daga nesa. Na yi ta zuwa ni kaɗai da cokalin miya a jaka don in haƙa, ina roƙon mai gadin da aka sa a wurin da Hausa, ina nuna masa bishiyar, ina haɗa hannuwa. Mutumin kirki ne, kullum sai ya yi murmushi ya girgiza kai, wata rana har ya ba ni ruwan gora. Na zaga shingen ko zan samu inda ya yage, ƙaya ta tsinka mini zane. Na yi azumi, na yi sadaka, na sa an yi addu'a a masallacinmu ban faɗi dalili ba.

Bayan wasu watanni ɗana ya shigo da fara'a, ko takalmi bai cire ba.

"Hajiya, albishirinki."

"Goro."

"An ceci gidan. Ba za a rushe shi ba. Har sun ce maganarki ta taimaka."

Na fara hamdala, na ɗaga hannu sama. Sai ya ƙara da cewa ɗauke shi za a yi ɗungurungum a kai shi wani wurin shaƙatawa na hukuma, a gyara shi, 'yan makaranta su riƙa zuwa gani. Na ce a ɗauke me? Ya ce gidan. Na ce ƙasar fa? Ya ce ai ƙasar ta kamfani ce. Na zauna a inda nake tsaye. Ashe duk rigimar da suke yi a kan katako suke yinta.

Na ga ranar da aka ɗauke shi. An zura masa ƙarafa ta ƙasa, an ɗora shi a kan tayoyi masu yawa, mota na jan sa a hankali, ma'aikata na ɗaga wayoyin lantarki yana wucewa. Jama'a sun cika titi da yaransu, kowa ya ɗaga waya yana hoto, ana tafi. Gidan ya bi titi, rabin ƙofarsa an ɗaure da igiya, duk suka bi shi a baya. Ni kaɗai na rage a jikin shinge. Ramin tushen gidan ne a gabana. Tuffar tun kafin ranar an sare ta don motar ta samu hanya, an tumɓuke kututturen, katafila ta bi ta kai ta baje. Na riƙe wayar shingen na yi kuka irin wanda ban yi ba a gidan man can na ƙasarmu. An kai ni ganin gidan sau ɗaya a sabon wurinsa. An yi masa fenti, an shuka fure, wata yarinya sanye da kayan mutanen da tana yi wa baƙi bayani. Ya yi kyau, ban shiga ba. Baturiyar ta rasu a gidan tsofaffi, ban sani ba ko an gaya mata.

Kwanan baya takwarata ta samu lasin tuƙi, ta ce ni za ta fara ɗauka. Na zaci masallaci za mu, sai na ga ta karya ta wannan titin. Ta shiga filin motocin ta tsaya, ta zagayo ta buɗe mini, ta riƙe ni na fito. Ta yi tsayi, ta fi uwarta. Ta yi gyaran murya, ta faɗa a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, da alama ta daɗe tana bitar ta.

"Kaka, ina aka binne cibiyata? Nuna mini."

Da Hausa, ba ko kalmar Turanci ɗaya. Na duba gabas, na duba yamma. Na nemi inda idon ruwan yake, shagon wanki ne ko na kusa da shi. Na nemi inda ƙofar take in auna daga nan, ba abin aunawa. Layukan nan farare duk iri ɗaya ne. Na zare takalmi, na ɗaga ƙafata yadda kakata ta ɗaga tata, tana riƙe da ni tana kallon yatsana tana jira. Ƙafar ta tsaya a sama, na rasa inda zan dangwala ta. Wani mai mota a bayanmu ya danna hon yana son wurin.

Ta sunkuya ta mayar mini da takalmin da hannunta. "Ba komai, Kaka," ta ce. "Mu je gida."

Shekara da shekaru ina jiran in ji kalmar nan a bakinta da Hausa. Ranar da ta faɗe ta, ba ni da inda zan nuna mata.